Kabari A Kan Faranti: Magana Kan Kek Ɗin Halowin



Maganar da na kawo a wannan fitowa maganar kek ce. Na san wani dattijo zai gyara zaman tabarau ya ce, duk abubuwan da suka dame mu, ga tsadar hatsi, ga tsoron hanya, ga wahalar samun fili na gina majami'a, sai a rasa abin rubutu sai kek? Baba, a yi mini haƙuri a karanta har ƙasa. Ƙaya ƙarama ce, amma tana zaunar da ƙato.

Kowace shekara idan watan Oktoba ya doshi ƙarewa, wayoyin 'ya'yanmu kan cika da hotunan wani kek na cakulan, baƙi, mai danƙo, wanda ake yankawa murabba'i-murabba'i. Sunansa burauni. Amma ba haka nan tsurarsa ake nuna shi ba. Ana marmasa biskit baƙi a barbaɗa a kansa ya zama kamar sabuwar ƙasar kabari, a soka wani dogon biskit a tsaye ya zama dutsen kan kabari, har da rubutun nan da Turawa ke yi wa mamaci. A wani yankan a zana saƙar gizo-gizo da farin sukari. A wani a ɗora farar alewa mai laushi a zuba mata narkakken farin cakulan, a ɗiga mata idanu biyu, ta zama fatalwa cikin likkafani. Akwai mai ƙoƙon kai, akwai mai jemage, akwai mai hular mayya, akwai wanda ake zuba wa jan ruwan sukari domin ya yi kama da jini. Duk wannan domin daren 31 ga Oktoba ne, wanda ake kira Halowin.

'Ya'yanmu mata da suka koyi gashin kek a Sakkwato, ko Kaduna, ko Jos, da masu bautar ƙasa da ake turo mana daga sansanin Wamakko, suna ganin waɗannan hotuna, hannunsu kuwa yana ƙaiƙayi. Suna so su gwada, su sayar, su raba wa yaran Makarantar Lahadi. Tambaya ke nan ta iso gaban dattawa: a bari ko a hana? Amsata ita ce, a gasa kek ɗin, a gasa shi da kyau, amma kabari da fatalwa da mayya kada su hau farantin ikkilisiya, kada kuma su fita daga gidan mai bi zuwa gidan maƙwabci. Zan kawo dalilaina. Amma kafin nan akwai wasu daga cikinmu da zan fara taka wa birki.

Da farko dai, kek ɗin ba shi da laifin komai. Labarin da aka fi yaɗawa shi ne an fara yin sa a otal ɗin Palmer House da ke birnin Shikago na Amurka a shekarar 1893, lokacin babban baje kolin duniya da aka yi a can, sa'ad da Bertha Palmer, matar mai otal ɗin, ta nemi masu dafa abinci su yi wa mata baƙi wani abin zaƙi da zai shiga ƙaramin akwatin abinci. Ba boka a wurin, ba matsafi. A wannan shekarar ce ma dai, 1893, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a Legas da niyyar kawo bishara ƙasar Sudan, wato ƙasashenmu na nan, aikin da ya zama SIM ya kuma haifi ECWA. Biyu na farkon sun mutu a 1894, Gowans a Girku, Kent a Bida. Ashe kek ɗin da mishan ɗin sa'o'in juna ne.

Haɗinsa ma ba wani asiri. Bota rabin kofi a narkar, sukari kofi 1, ƙwai 2, garin koko sulusin kofi (kokon cakulan nake nufi, ba wanda muke sha da ƙosai ba), fulawa rabin kofi, gishiri ɗan kaɗan. Abin da ya raba shi da kek ɗin biki da muka saba shi ne fulawarsa kaɗan ce, maiƙonsa da sukarinsa suna da yawa, ba a kuma buga shi har ya kumbura, shi ya sa yake fitowa da danƙo. A obin yana ɗaukar minti 25 zuwa 30 a zafi mai maki 175. Wadda ba ta da obin sai ta zuba yashi a gindin babbar tukunya, ta bari ya yi zafi, ta ɗora gwangwanin a kai, ta rufe, ta zuba garwashi kaɗan a kan murfi, kamar yadda iyayenmu mata ke gasa kek ɗin Kirsimeti tun da daɗewa. A cire shi tun tsinken da aka soka yana fitowa da ɗan damshi. Wadda ta jira tsinke ya fito fes, to, ta gasa tubali. Yarinyar da ta iya wannan ta sami sana'a, kuma a wannan zamani da aka cire tallafin man fetur tun 29 ga Mayu 2023 komai ya yi tashin gwauron zabi, ikkilisiyar da ta kashe wa yarinya sana'a ba ta kyauta ba.

Saboda haka masu cewa cakulan baƙi abincin aljanu ne, su yi shiru. Haka ma masu tura saƙonni a WhatsApp cewa 31 ga Oktoba ranar haihuwar Shaiɗan ce. A wace aya aka rubuta? Wa ya je sunan? Haka kuma labarin cewa a Amurka matsafa suna zuba guba a alewa suna raba wa 'ya'yan mutane a wannan dare. Wani masanin zaman jama'a a can mai suna Joel Best ya shafe shekaru yana bin diddigin wannan zance, bai sami inda baƙo ya kashe ɗan wani ta wannan hanya ba. Shari'ar da ta shahara ita ce ta jihar Texas a 1974, kuma uban yaron ne da kansa ya sa wa ɗansa guba saboda kuɗin inshora. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da yaronka ya buɗe wayarsa ya gano ƙarya ka faɗa masa a kan Halowin, ranar ce zai fara shakkar gaskiyar da ka faɗa masa a kan tashin matattu. Ba a yi wa Allah aiki da ƙarya.

Ga tarihin yadda yake. Sunan Halowin ma daga ikkilisiya ya fito: a tsohon Turanci ma'anarsa jajiberen Ranar Dukan Tsarkaka, wadda ake kiyayewa a 1 ga Nuwamba. Fafaroma Giregori na Uku, wanda ya yi mulki daga 731 zuwa 741, ya keɓe wani ɗakin sujada a majami'ar Bitrus da ke Roma domin tunawa da dukan tsarkaka, kuma zuwa ƙarni na 9 ranar 1 ga Nuwamba ta bazu a ikkilisiyoyin yammacin Turai. Daga baya aka ƙara 2 ga Nuwamba domin tunawa da dukan masu bi da suka riga mu. A ƙasar Ayalan kuwa akwai tsohon biki na ƙarshen kaka da shigowar hunturu mai suna Samhain, wanda ya faɗo a daidai wannan lokaci, mutanensu kuma sun ɗauka a daren ne aljanu suke yawo. Masana tarihi har yau suna gardama a kan yawan abin da Halowin ya gada daga wancan biki da wanda ya gada daga ikkilisiya. Abin da ba gardama a kai shi ne, mutanen Ayalan da yunwar dankali ta 1845 zuwa 1852 ta kora, tare da mutanen Sikotilan, su ne suka kai al'adar Amurka. A gida suna fafe wani saiwa mai kama da gwaza su sa fitila a ciki, da suka isa Amurka suka tarar da kabewa ta fi sauƙin fafewa. Yawon yara gida-gida suna karɓar alewa ya fara ƙarfi ne a shekarun 1920 da 1930, ya kuma game ƙasar bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Yau kuwa abin ya koma kasuwa. Ƙungiyar 'yan kasuwar sari da sayarwa ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2023 kaɗai mutanen ƙasar za su kashe dala biliyan 12.2 a kan Halowin, biliyan 3.6 daga ciki a kan alewa. Hotunan da ke shigowa wayar 'yarki, Mama, yawancinsu talla ne. Mai sayar da cakulan ne ke kiran kasuwarsa, mu kuma muna nan Boɗinga muna amsawa.

To, in haka ne, me ya sa nake cewa a'a? Wani matashi mai ilimi zai ce mini, Baba, ai ka faɗa da bakinka, asalin ranar ta ikkilisiya ce, kek kuma kek ne. Manzo Bulus ma ya koyar a 1 Korantiyawa sura 8 cewa gunki ba komai ba ne, abinci kuma ba ya kusantar da mu ga Allah, ba ya kuma nisanta mu. Gaskiya ne, ɗana, ka karanta daidai. Amma ka ci gaba da karatu, kada ka tsaya a inda ya yi maka daɗi. A cikin surar nan, da kuma sura 10, Manzon ya nuna cewa mai sani yakan bar abin da yake halal a gare shi saboda lamirin ɗan'uwansa, har ma saboda lamirin marar bi da ke kallonsa a wurin cin abinci. Tambayar da ke gabanmu ke nan: wa ke zaune kusa da kai sa'ad da ka ajiye wannan faranti?

Na farko, ɗan'uwanka ne ke zaune. Ikkilisiyoyinmu na nan ƙanana ne, kuma tattare suke da mutane daga wurare dabam-dabam: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan sanda, masu shaguna, daga ƙasar Zuru, daga kudancin Kaduna, daga Filato, daga kudu. Da yawa daga cikinmu kakanninmu sun fito ne daga bautar dodo. Ku tambayi tsofaffin matan kudancin Kaduna abin da iyayensu suka ba su labari. Idan muryar dodo ta tashi da dare, mata da yara sukan shige ɗaka cikin rawar jiki, matan kuma su ne ke dafa abinci da giya a kai wa dodo, alhali mazan gari ne ke cinyewa a kurmi. Bishara ce ta yaye wannan tsoro, kuma waɗanda suka fara fitowa sun sha duka da kora daga dangi. Yanzu jikanyar wadda ta dafa wa dodo abinci cikin kuka ita ce za ta gasa wa fatalwa kek cikin dariya, ta kawo majami'a, ta miƙa wa kakarta? Baturen da ya zana fatalwa a kan kek bai gaskata da fatalwa ba, shi ya sa take ba shi dariya. A cikinmu akwai waɗanda har yanzu suke kokawa da wannan tsoro, akwai wanda in ɗansa ya yi zazzaɓi zuciyarsa ke raya masa ya koma ƙauye a duba masa. Fastocinmu sun san abin da nake faɗa. Irin wannan mutum ba ka sa masa abin da yake gudu a kan faranti ka ce masa wasa ne.

Hular mayya kuwa ta fi duka muni. A ƙasar nan kalmar maita tana kashe mutum. Tsofaffin mata nawa aka kora daga gidajensu, nawa aka yi wa dukan kawo wuƙa, saboda wani ya nuna su da yatsa? A Akwa Ibom abin ya kai ga ana azabtar da ƙananan yara da sunan su mayu ne, har gwamnatin jihar ta kafa doka a 2008 da ta haramta hakan, kuma abin kunya, a wasu majami'u ne aka riƙa yin zargin. Ƙasar da ke da wannan ciwo ba ta da hurumin mayar da mayya adon kek ɗin yara.

Na biyu, maƙwabcinka ne ke zaune. Mu nan 'yan tsiraru ne, kowa ya sani. Boɗinga gari ne da Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, Sifawa da ke cikin wannan ƙaramar hukuma kuma nan Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Shagari mahaifar shugaban ƙasa Shehu Shagari ce, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983. Mutanen nan suna alfahari da addininsu, kuma yawancinsu ba su taɓa shiga majami'a ba, ba su taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba. Abin da suka sani game da Almasihu shi ne abin da suka gani a gidajenmu. Shekara da shekaru muna fama mu nuna musu cewa Kirista ba matsafi ba ne, ba ya bautar matattu, ba ya hulɗa da iskoki, Littafinmu ma ya hana neman shawarar matattu a Maimaitawar Shari'a sura 18. Waɗanda suka riga mu sun gina wannan suna da wahala, wasu da wanke gyambon kutare a Amanawa, wasu da alli a gaban allo, wasu da allura a ɗakin shan magani. Sai rana ɗaya maƙwabciya ta leƙo ta ga 'ya'yan Kirista suna cin ƙoƙon kai da jini, an kuma ce mata ai bikin Kiristocin Turai ne. Wane wa'azi ne zai goge wannan hoto daga idonta?

Kada a ce ai cikin gida za a yi. Ba wanda ke yin irin wannan ado domin ya ci a ɓoye, domin hoto ake yin sa. Hoto kuma in ya shiga waya ya fita daga hannunka, yana tafiya ba tare da bayaninka ba. Mu mutanen jihar Sakkwato ba ma bukatar a koya mana inda saƙon waya ke iya kaiwa. Ba mu manta da 12 ga Mayu 2022 ba, ranar da aka kashe 'yarmu Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato bayan wata taƙaddama da ta taso daga zauren WhatsApp na ɗalibai. Babu abin da zai halatta wannan kisa, Mai Alfarma Sarkin Musulmi ma ya yi tir da shi. Ban kawo sunanta domin in tsorata kowa ba, ban kuma ce mu ɓoye bangaskiyarmu ba. In za a zage mu, a zage mu saboda gicciye, wannan za mu ɗauka da murna. Amma a zage mu saboda fatalwar sukari da ba mu ma gaskata da ita ba? Wannan asara ce tsantsa.

Akwai wani abu kuma da masu kwafo girki daga intanet ba sa lura da shi. Farar alewar nan mai laushi da ake yin fatalwa da ita, mashmalo, da jelatin ake yin ta, jelatin ɗin da ake amfani da shi a Turai da Amurka kuwa sau da yawa daga fatar alade ake samo shi. Ruwan banila na ainihi irin na Amurka kuma, dokarsu ta ce sai ya ƙunshi barasa kashi 35 cikin 100. Mu kuwa muna da wata al'ada mai daraja da ta riƙe zamanmu: su aiko mana da naman Sallah, mu aika musu da shinkafa da cincin da kek ranar Kirsimeti. Wannan kwano da ke zirga-zirga tsakanin gidaje a kan amana yake tafiya. Maƙwabciyarki tana ci ne domin ta yarda ba za ki ba ta abin da addininta ya hana ba. Ranar da aka gano akwai alade a kek ɗin gidan Kirista, ko da cikin rashin sani ne, ba kek ɗinki kaɗai za a daina karɓa ba, na dukanmu ne. Wannan gargaɗi ya wuce Halowin. Duk mai gasa na sayarwa ko na kyauta ta riƙa karanta abin da ke jikin leda da kwalba.

Na uku, mai makoki ne ke zaune. Na karanta hujjar wasu Kiristocin Amurka da ke cewa suna yi wa mutuwa ba'a ne a wannan dare, domin Almasihu ya riga ya ci nasara a kanta kamar yadda 1 Korantiyawa sura 15 ta koyar. Hujja ce mai daɗin ji, ban kuma ce su ba masu bi ba ne. Amma a can mutuwa a asibiti take, gawa kuma kamfani ne ke ɗauka ya shirya ta, yaro zai iya girma bai taɓa ganin mamaci ba. Wanda mutuwa ta yi wa nisa shi ne ke da sukunin yin wasa da ita. Mu fa? A watan Afrilu 2022 kwalekwale ya kife a kogin Shagari da mutanen Gidan Magana, mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara da matasa da suka fita neman itacen girki. A watan Oktoba 2021 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, sama da mutum 40 suka mutu. A farkon 2020 aka sace Michael Nnadi, ɗan shekara 18, ɗalibin firist na Dayosis ɗin Katolika na Sakkwato, daga makarantarsu da ke Kaduna, aka kashe shi. Iyayen waɗannan suna nan da rai, wasu muna haɗuwa da su a kasuwa. Sabuwar ƙasar kabari da ake kwaikwayo da garin biskit, su da hannunsu suka tura ta gaske a kan 'ya'yansu. Mu masu bi muna da ranar da muke yi wa mutuwa dariya, ita ce safiyar Ista, kuma kabarin da muke nunawa a ranar buɗaɗɗe ne, ba kowa a ciki. Na kan kek ɗin nan a rufe yake, da dutsensa a kai.

Wani zai ce, to ai Hausawa ma suna da tashe, yara suna shiga irin ta ban dariya da ban tsoro suna bi gida-gida cikin watan azumi ana ba su hatsi da kuɗi. Haka ne, kuma tashe ne ma ya fi kowane abu kama da Halowin a ƙasar nan. Amma tashe a nan ya tsiro, kowa ya san ma'anarsa, tsoho ya yi shi yana yaro. Haka mutanen Meziko suke da ranar matattunsu a 1 da 2 ga Nuwamba, suna yin ƙoƙon kai na sukari suna rubuta suna a goshinsa, suna kai furanni kaburburan iyayensu. Wannan ma mai tushe ne a wurinsu. Namu fa, tushensa ina? A waya. Ba kaka, ba kakan kaka, ba ma'ana, sai dai an ga wasu sun yi.

Ko ta fuskar aljihu abin bai ɗore ba. Man koko yana narkewa ne a zafi kusan maki 34, zafin rana a Sakkwato cikin Oktoba kuwa yakan wuce haka, wutar lantarki kuma kun san halinta. Fatalwar da aka ɓata awa biyu ana zanawa, kafin a tashi daga sujada ta zama kunu. Ga tsadar kokon kansa. A 2024 farashinsa a kasuwar duniya ya haura dala 10,000 kowane tan a watan Maris, abin da ba a taɓa gani ba, saboda amfanin ya lalace a Kwaddibuwa da Gana, ƙasashe biyu da ke noma fiye da rabin kokon duniya. Mu ma muna nomansa a Ondo da Osun da Kuros Riba, dogon ginin Cocoa House na Ibadan ma da kuɗinsa aka gina shi a 1965. In kuwa abin ban tsoro ake nema a cikin cakulan, ga shi nan ba sai an zana ba: binciken da cibiyar NORC ta Jami'ar Shikago ta fitar a 2020 ya nuna yara kimanin miliyan 1.56 ne ke aikin ƙarfi a gonakin koko na waɗannan ƙasashe biyu, da adda a hannu, da feshin magani, da kaya masu nauyi. Alewar da yaran Amurka ke tarawa a jaka daren 31 ga Oktoba, wani ɓangarenta gumin yaran Afirka ta Yamma ne. Wannan ya fi cancanta a koya wa 'yan Makarantar Lahadi, su yi addu'a a kai.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ba mu rasa abin yi a wannan lokaci ba. Ƙarshen Oktoba kaka ce. Gero ya shiga rumbu, dawa tana nuna, gyaɗa da wake suna fitowa, masu fadama suna shirin albasa. Lokacin bikin godiya ne a majami'unmu, sa'ad da mata ke shigowa da rawa ɗauke da dami da kaji da kabewa zuwa gaban bagade. Kabewar da Ba'amurke ke fafewa ya yi mata haƙora ya bar ta a ƙofar gida ta ruɓe, mu miyar taushe muke yi da ita, gida guda ya ƙoshi. 'Yan'uwanmu Katolika da Angilikan suna da Ranar Dukan Tsarkaka a 1 ga Nuwamba. Sauranmu muna da 31 ga Oktoba 1517, ranar da Martin Luta ya aika wa Akbishop na Mainz da batutuwansa 95, abin da ya zama mafarin gyaran ikkilisiya. Ko wanne ɓangare kake a cikin wannan ƙungiya tamu, kana da abin tunawa. Yara nawa ne a majami'arku za su iya faɗin sunan mai bisharar da ya fara tara masu bi a garin? Nawa ne suka san wanda ya ba da ɗakin da aka fara sujada a ciki? A buɗe Ibraniyawa sura 11 a wannan mako, a karanta, sa'an nan a sa tsofaffi su ƙara da sunayen namu.

Ga roƙona ga dattawa. Kada ku tsaya a kan mumbari ku kira sunan yarinya, ko ku sa ta a horo saboda ta gasa kek. Yawancinsu ba su san komai game da wannan rana ba sai kyan hoto, kuma wadda aka kunyata a gaban jama'a ba za ta daina ba, sai dai ta daina nuna muku. Ku kira shugabannin Zumuntar Mata da na matasa da malaman Makarantar Lahadi tun cikin Satumba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ku bayyana musu dalili. Ku yanke shawara a rubuce cewa ba za a kawo abinci mai siffar kabari, ko ƙashi, ko jini, ko fatalwa, ko mayya a harabar majami'a ko wani taron ikkilisiya ba. Bayan haka ku buɗe asusu ku ba 'yan matan nan aiki: su gasa burauni na bikin godiya, a biya su kuɗinsu cif, ba a ce musu aikin Ubangiji ne su yi kyauta ba.

Ku kuma 'ya'yana masu gashi, hannun da ya iya zana saƙar gizo-gizo zai iya zana zangarniyar gero, kuma ta fi wuya, a nan za a san gwana. A maimakon 'ya'yan itacen Turai masu tsada da girkin intanet ke kira, ku soya gyaɗarmu sama-sama ku daddaka ku zuba cikin ƙullun, ko ku yanka dabino ƙanana ku rage sukari, ko ku barbaɗa riɗi a kai kafin ya shiga wuta. Waɗannan ba sa narkewa a rana, ba sa neman firiji. Ku bari ya huce sarai kafin ku sa wuƙa, in ba haka ba zai dagargaje. Gwangwani mai faɗin santimita 20 yana ba da yanka 16, sai ku lissafa kuɗin bota da ƙwai da gawayi tun kafin ku sa farashi.